Daeng Sunggu da Aljihun Baƙi

Takardun tambayoyi ɗari uku, biro goma, hular rana, maganin amai, shinkafa da kifi a ganyen ayaba. Abin da ke jakata ke nan a kwale-kwalen Daeng Tompo, mun yi rabin hanya daga birnin Makassar zuwa tsibirinmu. Shekara shida na yi a Holan ina karatun teku. Hukumar da ke kula da gaɓar ta aiko ni in ji ra'ayin masu yawon buɗe ido, domin matar da ke tsaron ƙofar tsibirin, mai hana baƙi kwashe kayan teku, za ta yi ritaya, kuma ana tunanin kafa allon gargaɗi a madadinta.

Daeng Sunggu ce matar; Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu. Shekara ashirin da uku ke nan, tana idar da sallar asuba take share gadar katako, ta fito da tebur da kwando da butar shayi. Ba ta taɓa caje jakar kowa ba. Idan baƙo zai tafi, sai ta zuba masa shayi, ta tambaye shi wa ya yi wa tsaraba. Kafin shayin ya huce, ƙwanson katantanwa ko guntun murjani ya hau tebur. Sai ta ce a ɗan jira. Sau da yawa ƙwanson kan fito da ƙafafu ya kama tafiya, don ƙananan ƙaguwa a cikinsa suke zama. Da la'asar takan kai ƙwansunan da babu kowa a ciki bakin ruwa, ta jera su daga babba zuwa ƙarami, ƙaguwa masu neman gida su zaɓa.

Daeng Tompo ya ba ni labarin wani babban ma'aikaci da ya zo da tawaga, ya rantse bai ɗauki komai ba. Ba ta yi masa musu ba. Kallon wandonsa kawai ta yi, aljihun na motsi, ta ce, "Yallaɓai, aljihunka zai riga ka shiga jirgi." Yanzu, in ji Tompo, mutumin da kansa yake zazzage aljihun 'ya'yansa idan sun zo.

Kwana goma na yi ina raba takarduna. Tara cikin goma suka rubuta cewa suna ƙaunar teku, ba za su taɓa ɗaukar ko tsakuwa ba. Lissafin ya nuna allo ya isa. Na karanta mata.

Ta turo mini kwandon da ƙafa. Cike yake.

"To, na goman nan ƙato ne, ɗan nan. Shi kaɗai yake cika mini wannan kullum? A Holan baki aka koya maka tambaya. Aljihu fa?"

Na ce ashe ƙarya suka yi mini. Ta ce a'a, son ne ma yake sa su ɗauka. Ta daɗe tana lura da su, kuma har yanzu mamaki suke ba ta. Wanda ya ɗaukar wa ɗansa ba ya gardama. Wanda ya ɗaukar wa surukarsa sai an sha fama. 'Yan birni kan ba da haƙuri, 'yan tsibiran kusa kan ce tekun na kakansu ne. Abin da ta kasa ganewa shi ne masu kwashe robobi daga yashi tun safe, sannan a sami murjani a cikin safarsu.

Ke ce kika hana dubban mutane ɗauka ba tare da kin kunyata ko ɗaya ba, Daeng Sunggu. Mai kwando, mai haƙurin jira. Babu sunanki a ko wane rahoto da na karanta. Mun gode. Duk wanda aka ba tsaron wani wuri, ya zo ya ga yadda ake karɓar abu a hannun mutum ya tafi yana dariya.

Ranar Juma'a ta ƙarshe a aikinta, gwiwoyinta sun hana ta ɗaukar teburin, ni na shigar da shi rumfa. Ta ɗaga ƙofar kaɗan, don tana cijewa a ƙasa, ta ja ta rufe. Ta tambaye ni me zan gaya wa hukumar.

Na ce mutum za su ɗauka, ba allo ba. Kafin su samu, ni zan zauna.