Badaru Mai Haƙa Kabari

Shekara talatin Badaru yana haƙa wa mutanen unguwar PK5 kabari, har bayansa ya ranƙwafa. Ranar da maƙwabciyarsa Zuwaira ta rasu, tun safe ake sheƙa ruwa. Sau biyu yana gama ramin, ruwa na cika shi, gefe na zabtarewa. Ya zauna cikin jan taɓo.

Ɗan marigayiyar ya ce, "Baba, ko mu bari sai gobe?"

Badaru ya ce, "Baiwar Allah ba za ta kwana saboda gajiyata ba. Miƙo bokitin."

Yana kwalfewa yana hailala har ruwan sama ya ɗauke. Bayan la'asar aka rufe Zuwaira. Da ya koma gida, ko tuwon rogon da aka ajiye masa bai iya taɓawa ba.