Yadda Aminiyata Ta Raba Ni da Faifan 'Yata

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar masunci ce a wani ƙauye da ke bakin fadama, tsakanin Haɗeja da Kirikasamma. Shekaruna ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ina da saurin yarda da mutane, kuma idan na so mutum ba na ganin laifinsa, ba na kuma son a nuna mini. Yanzu na tsufa, ban kuma iya riƙe alƙalami ba, shi ya sa na roƙi malamin unguwarmu ya rubuta mini yadda na faɗa, ko wata za ta ji ta amfana. Ba zan kama sunan kowa ba, don yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wata damina kurkunu ya fito mini a ƙafafu biyu lokaci guda. Kullum ana naɗe shi a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, in kuwa ya tsinke a ciki sai ƙafar ta kumbura, ciwo ya dawo sabo. Nawa ya tsinke har sau biyu. Na shafe wata bakwai ban taka ƙofar gida ba. Shekara biyu kafin nan mun binne 'yarmu tilo, ƙyanda ta ɗauke ta tana da shekara huɗu. Don haka zaman ɗakin ya zame mini ciwo na biyu. Maigida ya fita su tun da sassafe, ni kuma in wuni ina kallon inda take zama tana wasa da tsakuwa.

Yayata ce ta kawo mini ƙunshin kaba da basilla, ta ce in ba hannuna aiki kada tunani ya kashe ni. Na iya saƙar faifai tun ina yarinya, amma irin wanda ake rufe ƙwarya da shi kawai. Wannan karon sai na tsinci kaina ina saƙa ƙanana, kamar tafin hannu biyu, kowanne da abin da nake kewa a waje. Na yi na damina da kabar da aka rina da baba, layuka suna karkacewa yadda kogi ke ballewa ya shiga fadama. Na yi na kaka da rawaya, na yayyafa masa baƙaƙen ɗigo, tsuntsayen nan da ke sauka kan shinkafa. Na yi na rani, lokacin da ruwa ke janyewa ƙasa ta tsattsage, shanun Fulani su gangaro. Har ciwon nawa na saƙa: farin zare ɗaya yana kewayawa daga tsakiya zuwa baki a kan ja na karan dafi. Na ƙarshe shi ne na 'yata. Tana son bin balbelu da gudu a bakin ruwa, sai na sa farare ƙanana suna tashi, na yi zagaye huɗu na tsaya. Wannan ban rataye shi ba, a ƙarƙashin matashina yake kwana.

Ina da aminiya tun muna 'yan mata, wadda muka ƙulla ƙawance da ita a gaban iyayenmu. Dillaliya ce, tana ɗaukar kayan mata ta shiga da su gidajen attajirai a cikin Haɗeja. Gaskiya ta yi mini hidima a farkon jinyar, har wankin tsummokarana ta yi. Da ta ga faya-fayin sai ta zauna ta yi ta tambayata ma'anar kowanne, ni kuma na zazzage mata cikina, har abin da ban faɗa wa maigida ba. Muka yi kuka tare. Ta ce bari ta kai su birni ta gwada. Da ta dawo ta ce matan birni ba su gane su ba, da ƙyar aka karɓa, amma in ci gaba da yi, ita za ta yi ta ƙoƙari saboda ni. Takan kawo mini goro ko ɗan gishiri, in yi ta sa mata albarka. Wata rana ta roƙe ni aron na 'yata, wai za ta nuna wa wata mai rini kalar da nake so. Na ba ta. Kullum na tambaya sai ta ce yana nan, ta manta ne.

A cikin watannin nan na lura masu zuwa duba ni sun ɗauke ƙafa. Maƙwabciyar da take aiko mini da kunu ta daina karɓar ƙoƙonta in an mayar. Dangin maigida suka fara kiransa gefe suna magana. Yayata ce ta gaya mini dalili: ana cewa a gari ciwona ya wuce kurkunu, kuturta ce, har yatsuna sun fara lalacewa. Ta ce ta bi maganar baki-baki, kuma duk inda ta bi a wurin aminiyata take ƙarewa. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ce mata baƙin ciki take yi don wata ta fi ta kula da ni. Na ce kada ta ƙara zuwa mini da tsegumi. Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta ta fita. Ba da daɗewa ba mijinta ya koma da su wajen Kafin Hausa, ba mu yi sallama ba.

Allah ya ba ni lafiya bayan an gama girbi. Amma sunan ya riga ya zauna. Na je rijiya mata suka janye tulunansu. Na ɗaga musu hannuwana, yatsu goma lafiya lau, suka ce ai ita a hankali take cin mutum.

Da rani ya tsaya, aka haifa wa ƙanin maigida ɗa a Haɗeja, muka tafi suna. Matarsa tana aikatau a gidan wani falke mai kai kaya Kukawa, sai ta ja ni in gaida uwar gidan, wata dattijuwa Babarbariya mai fara'a. Ina shiga ɗakinta na ga faya-fayina a jere a bango, na damina, na kaka, na rani, na kurkunu. A tsakiyarsu ga na 'yata. Na zauna ba a ce in zauna ba. Da uwar gidan ta ga ina kallo sai ta ciro shi ta fara ba ni labari. Ta ce wata baiwar Allah dillaliya ce take saƙa su, kowanne da tarihinsa, matan birni har rububinsu suke yi. Wannan kuwa na 'yar dillaliyar ne da ta rasu tana da shekara huɗu, mai son bin balbelu. Ta ce ranar da matar ta ba su labarin, ba wanda bai zubar da hawaye ba a gidan. Ta ƙara da cewa ga ta da tausayi, don a ƙauyensu ma wata kuturwa take jinya, wadda kowa ya guda.

Na ce mata, "Inna, ni ce kuturwar. Yarinyar kuma ni na haife ta."

Abin da ta fara yi shi ne ja da baya ta dubi yatsuna. Wannan kallon bai bar ni ba har yau. Daga baya ta sa aka kawo kaba da basilla, na saƙa mata balbela ɗaya a gabanta. Ta tafa hannu a hankali. Ta ba ni haƙuri, amma ta ce faifan ya riga ya shiga lissafin kayan ɗakin jikarta da za a kai Barno, dangin miji sun gani sun yaba, ba ta da bakin cire shi. Na roƙe ta har da durƙusawa. Ta ce za ta duba. Ayari ya tashi da shi bayan sallah.

Da muka koma ƙauye ban tsaya gida ba, na wuce wurin aminiyata. Na same ta tana tankaɗe. Na faɗa mata abin da na gani, ina jiran ta musa ko ta yi kuka. Ba ta ko ajiye rariyar ba.

Ta ce, "Hannu naki ne, amma baki nawa ne. Da ba don ni ba, da gara ta cinye su a ɗakinki."

Na tambaye ta maganar kuturta fa. Ta ce ita cewa ta yi kamar kuturta, ba ta ce kuturtar ce ba. A nan na gane ta yi haka ne don kada kowa ya shigo ɗakina ya ga mai saƙar, magana ta kai birni. Na ce mata faya-fayin na yafe, amma 'yata da ta mayar tata don ta sa matan birni kuka su saya, wannan sai mun tsaya gaban Allah. Daga ranar ban ƙara yi mata magana ba har ta bar garin.

Na yi tafiyar kwana biyu a ƙasa zuwa wurin yayata. Na durƙusa a tsakar gidanta na ce na zalunce ta. Ta ɗaga ni ta ce ta yafe, ta ba ni ruwa a ƙoƙon da take sha. Amma ta daina ba ni shawara a kan komai, ko na tambaya sai ta ce yadda na gani. Haka muka zauna har ta rasu. Sunan kuturta kuwa sai da na yi shekaru, na haifi 'ya'ya uku, kafin ya bar bakin mutane. Na ci gaba da saƙa, amma na 'yata ban iya sake yi ba. Na gwada sau da yawa, hannuna ya ƙi.

Abin da na koya shi ne, mai jinya yana ɗaukar duk wanda ya zauna kusa da shi a matsayin masoyi, kuma a lokacin ne ya fi sauƙin cuta. Ina jan kunnen 'yan'uwana mata, musamman masu sana'ar hannu da ke cikin gida: ku san inda kayanku suke zuwa, da abin da ake faɗa a kansu. Abin da ya shafi mamacinku kada ku ba da aronsa ko ga wa. In kuma ɗan'uwanku na jini ya zo muku da magana mai ɗaci a kan wanda kuke so, ku bincika kafin ku buɗe baki. Ni ban bincika ba, na kori mai gaskiya, na riƙe wadda take sayar da hawayena.