Ranar da Na Wanke Allo a Kwamfutar Masaƙa

Sai da na haura arba'in na iya rubuta sunana da boko, a ajin yaƙi da jahilci na Kumbotso, kuma ba na neman tausayin kowa. Shara nake yi a sashen rini na wata masaƙa a Challawa. Tsohon da ke haɗa mana launi idonsa ya raunana, ya ce zai koma ƙauye, ga shi duk haɗin a kansa yake. Manaja ya ce in na kwashe shi a rubuce aikin ya zama nawa, in na kasa in koma wa tsintsiyata.

Malamin da ke gyaran kwamfutocin ofis ya ɗora mini wata manhaja a tsohuwar kwamfutar sito. Wiki ya kira ta, wai shafuka ne da ke nuna hanyar juna. Ya buɗe mini shafi ɗaya ya fice yana sauri.

Ni kuwa allo na sani tun ƙuruciya: a rubuta, a haddace, a wanke. Tsoho ya faɗi haɗi in rubuta, in yi ta biyawa har ya zauna, washegari in goge in sa sabo. Wata biyu ina haka ina yaba wa kaina.

Bayan tafiyar tsoho aka kawo odar koren yadin 'yan makaranta. Manaja ya tsaya a kaina na buɗe shafin. Ruwan ƙasa kaɗai ke ciki, haɗin ƙarshe. Na laluba haddata, awon gishiri da na soda sun cakuɗe. Aka kira Malam.

"Inna, ina sauran?"

"Na wanke."

"Kun wanke? Da sabulu ko da toka?"

"Kar ka raina mini wayo. Allo ɗaya ka ba ni. Ka taɓa ce mini akwai na biyu?"

Ya haɗiye dariyarsa, ya danna wani wuri a sama da ya ce tarihin shafi ne. Sai ga su jere, duk abin da na goge, kowanne da ranarsa. Ga kore nan, da kuskuren rubutuna da komai.

Na zauna a kan durom ina hamdala. Daga nan na tashi na tare wa Malam ƙofa, na ce ba ya fita sai ya koya mini buɗe sabon shafi. Kafin la'asar kowane launi ya samu nasa. Manaja ya duba yadin farko da ya fito, ya ce gobe in zo da wuri, akwai odar shuɗi.