Tulin Harawa Biyu da Akoli Ya Bari

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa ya nufa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na 2024, bayan la'asar kaɗan, Allah ya karɓi ran Baba Akoli ɗan Ahmudu, mutumin Dannet, wanda ya riƙe mini barga shekara goma sha tara a nan Arlit.

Duk wanda ya san ni, Alhaji Ɗalhatu Ramalan, ya san ba na cewa wani ya yi mini. Daga Damagaram na zo garin nan da riga ɗaya, a aji uku na kwaleji na bar lakwal. Na yi dako a tasha, na yi tallan ruwa, na koyi tuƙi da ido ba tare da maigida ba. Kamiyo na farko, babbar motar kaya, ni na harhaɗa injinsa da hannuna. Yau guda shida gare ni a hanyar Assamakka, na gina gida uku, na kai mahaifiyata Makka. Ba ɗan uwa, ba uban gida, ba wanda ya ɗora ni. Na faɗi wannan ne don a gane nauyin abin da zai biyo baya: abu ɗaya ne a duniya ban iya da kaina ba, kuma wanda ya iya mini shi an rufe shi.

Baba Akoli, ka zo wurina bayan ka bar aikin ramin ma'adini, da wannan tarin naka da bai taɓa rabuwa da kai ba. Lokacin na sayi goɗiyata ta farko, Gunya, don kawai a ce ɗan dako ya ɗaure doki. Ka tsaya a ƙofa, ka dube ta, ka dubi tulin dawar da na zuba mata, ka ce, "Alhaji, wannan dabba ce ko kamiyo? Ka cika mata tanki, sai ka ce Tamanrasset za ta." Na ji haushi, amma na ɗauke ka aiki ranar.

A wurinka na ga yadda ake ciyar da goɗiya mai ciki. Wata bakwai na farko ba ka canza mata komai. Daga na takwas sai ka fara ƙara jiƙaƙƙiyar dawa da dusa, tafin hannu ɗaya kowane mako, ba ƙari. Ka ce ɗan da ke ciki ya matse mata tumbi, ba ta da wurin ɗaukar abinci mai yawa a lokaci guda, sai ka raba abincin yini kashi biyar, bayan kowace sallah kashi ɗaya. Ruwa kafin hatsi, ba bayansa ba. Ƴar kanwa ranar Litinin da Alhamis. Da hantsi ka ja ta ku zaga bayan gari a hankali, kai kana tari, ita tana jiranka. Ranar da za a fasa dutse a ma'adini, tun kafin ƙasa ta girgiza kana tsaye gefenta, hannunka a wuyanta. Kuma kullum sai ka shafa haƙarƙarinta, ka ce a ji ƙashi da hannu amma kada a gan shi da ido.

Sai harawa. Garin nan ba ya fidda ciyawa, kowa ya sani. Duk abin da doki zai ci, a mota yake zuwa daga kudu, tafiyar kwanaki. Masu lodi kan yayyafa wa harawar wake ruwa don kada ganyen ya kakkaɓe, su rufe da leda, rana ta dafa ta a hanya. Dami sai ya iso a bushe ta waje, kore shar, cikinsa kuwa ya fara fumfuna inda ido ba ya kaiwa. Kai ba ka taɓa yarda da ido ba. Kowane dami sai ka durƙusa, ka cusa fuska a ciki, ka karya kara ɗaya ka tauna. Wani ka ajiye nan, wani ka jefa can. Ba ka bayani.

Yanzu ga abin da na zo faɗa. Shekara tara da suka wuce, Gunya na wata goma da ciki na biyu, na kawo lodin harawa a motata, ka ware kusan rabi ka ce ba za ta ci ba. Na duba da idona ban ga komai ba. A gaban direbobina na ce maka raƙumi ka sani, ba doki ba. Da ka tafi Dannet jana'izar ƙanenka kwana huɗu, ni da hannuna na ɗebo daga wanda ka ware na zuba mata. Ka dawo ka same ta tana birgima. Ta yi ɓari da azahar, kafin magariba ta bi ɗan.

Gari ya ɗauka kai ne. A filin sukuwa an ce tsoho ya tafi ƙauye ya bar dabba da yunwa. Malam Halidu, magatakardan ƙungiyarmu ta masu dawaki, ya rubuta a littafin haihuwa da mutuwa cewa sakacin mai barga ne. Ina zaune, ban buɗe baki ba. Kai ma ba ka buɗe ba. Abin da ka ce mini kawai, bayan mun rufe ramin, shi ne, "Alhaji, akwai ƴarta. Mu kula da ita." Shekara tara kana gaishe ni kowace safiya da wannan a tsakaninmu.

Ƴar tata ita ce Tauraruwa. Yau cikinta wata goma da kwana tara.

Ranar Litinin ɗin da ta gabaci rasuwarka aka sauke sabon lodi, dami arba'in. Tun safe kana durƙushe kana shinshinawa, ba kowa a wurin sai kai. Da azahar maƙwabci ya leƙo ya same ka kwance bakin turke, da karan harawa a hannunka. An kai ka likita, ba ka sake magana ba. Da muka dawo daga maƙabarta na shiga rumbu na tarar ka gama aikinka. Tuli biyu. Ɗaya a bakin ƙofa, dami ashirin da biyu. Ɗaya a lungun gabas, dami goma sha takwas. Ɗaya nata ne, ɗaya shi ne irin wanda ya kashe uwarta. Ba ka gaya wa kowa wanne ba.

Na durƙusa yadda kake yi. Na cusa fuska a wannan, na cusa a wancan, na tauna har bakina ya yi ɗaci. Hancin da ya sha warin man gazuwal shekara talatin, harawa ce kawai yake ji.

Na tambayi ɗanka Isufu, wanda ke tuƙa kar, motar ɗaukar ma'aikata. Ya ce, "Alhaji, abin da Baba ya ajiye bakin ƙofa, na fitarwa a zubar ne." Na je wurin mai ɗakinka Dassin, ta amsa mini daga bayan labule. Ta ce, "Isufu bai zauna da shi ba kamar ni. Tunda ƙirjinsa ya tsananta, abin da zai ɗauka sau biyar a yini shi yake ajewa kusa." Ta ƙara da cewa, "Amma ban gani ba, Alhaji. Kada ka ɗora mini."

Likitan dabbobi ya duba, ya ce gaskiya ba zai iya rantsuwa ba, in da hali a zubar da duka. A zubar a ba ta me? Bazara ce. Harawar da ke kasuwa a mota ɗaya suka zo da tawa, wata motar sai bayan mako biyu in hanya ta yi kyau. Hatsi zalla kuwa kai ka gaya mini yana ɗaure cikin mai ciki. Na gwada wa akuya daga kowane tuli, ta cinye tana neman ƙari, sai na tuna yadda ka taɓa yi mini dariya ka ce akuya ko kwali ta ci lafiyarta lau.

Tsohuwar harawar da ka tace ta ƙare ranar sadakar uku. Dole na zaɓa, na zaɓi na lungun gabas. Ba ni da hujjar da ta wuce cewa a inuwa yake. Ni nake ba ta da kaina, sau biyar, ruwa kafin hatsi. Kwana uku ta ci ta cinye. Jiya ta bar kaɗan. Yau da asuba ta bar rabi, ta tsaya tana waiwayen cikinta, tana buga ƙasa da ƙafar gaba. Hantsarta ta fara cika. Likitan ya ce mai shirin haihuwa takan yi haka. Gunya ma haka ta fara.

Allah ya jiƙanka, Baba Akoli. Allah ya sa ciwon ƙirjin nan ya zama kankarar zunubi, ya yalwata kabarinka, ya saka maka da haƙurin da ka yi da ni. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dassin, da Isufu, da ƴarka Madina, da dukan dangi a Dannet. Allah ya ba ku juriya. Ku yafe mini, tunda shi ban roƙe shi ba sai da lokaci ya ƙure.

Malam Halidu, da kai nake yanzu, kuma ba roƙo nake ba. Ka buɗe littafin nan, ka nemo shafin Gunya, ka soke abin da ka rubuta, ka sa Ɗalhatu Ramalan a wurin. Sannan ka buɗe sabon shafi ka bar shi a buɗe. In Tauraruwa ta sauka lafiya, sunan Akoli ɗan Ahmudu za ka rubuta a gefen ɗan, cikakke, shi ya yi wata goma yana ciyar da shi. In kuwa ta bi uwarta, ka rubuta nawa sau biyu.

Alhaji Ɗalhatu Ramalan
Arlit