Hannun Uwani Ya Saba da Likkafani

Shekara goma sha tara ke nan da Uwani ta zo umra daga Maraɗi ba ta koma ba. Ba takardar iƙama, ba kafilin da zai tsaya mata, sai dabara ɗaya: kada ta bari wani ya riƙe fuskarta. A unguwar Madain Fahd ta Jidda an san ta da guga da wankan gawa. Macen da ta rasu ba dangi kusa, Uwani ce ke naɗe ta.

Maƙwabciyarta Bilkisu ta samo mata aikin kwana uku a wani ɗakin wasa wajen Ruwais, inda masu rawar gargajiya daga Japan suka sauka. Guga kawai, in ji Bilkisu. Amma a rana ta biyu ma'aikata suka yi ƙaranci, aka turo mata wata 'yar rawa, fuska fari fat kamar an tsoma ta a garin alabo, aka miƙo kimono, doguwar rigarsu mai buɗaɗɗen gaba. Kafin ka ce kwabo Uwani ta naɗa, hagu a ƙasa, dama a bisa.

Sai tsohuwar da ke kula da kayan ta tsaya cak. Ta dubi rigar, ta dubi Uwani, ta ciro waya ta yi magana ƙasa-ƙasa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Me wannan ta gano? Wa take kira? Uwani ta soma auna tazarar ƙofar baya, tana hango motar masu kame a ranta, tana tsine wa Bilkisu da aikinta.

Wata budurwa ta iso da kati a wuya. Jawahir ce, tafinta, haihuwar Jidda, Hausarta guntu-guntu.

"Ya khala, tsaya. Tana tambaya..."

"Takarduna na gida," Uwani ta katse ta.

"La, la, ba takarda. Ta ce wa ya koya miki? Dama a bisa, ya'ni, haka suke sa wa mayyit, wanda ya mutu."

Uwani ta dubi hannayenta. Ashe su suka tona ta. Kunya ta rufe ta, tsoron kuma bai sake ta ba.

"Ki ce mata sana'ata ce, 'yar nan."

Jawahir ta fassara. Tsohuwar ta rusuna har Uwani ta ja da baya. Ta warware rigar, ta kama hannayen Uwani ta bi da su a hankali, dama a ƙasa, hagu a bisa.

Da aka buga ganga, Uwani ta laɓe bayan labule, ido ɗaya har yanzu a ƙofa. 'Yar rawar ta fito tana jan ƙafa sannu-sannu, ta buɗe mafici. Uwani ta manta da ƙofar, hawaye suka zubo mata. Ba ta san adadin matan da ta naɗe a garin nan ba, amma wannan ce ta farko da ta tashi ta taka da ƙafarta.