Saiwar Waken da Na Kankare

Shekarun baya kaɗan, damina ta yi nisa, 'yata ta kira ni daga Legas, inda take aiki a kamfanin takin zamani. Ni ina Birnin Kudu, ko ƙofar gida sai da dalili nake leƙawa.

"Inna, saiwar wake nake so daga gonar Baba ta Kiyako. Jibi zan tsaya gaban manyanmu."

Na ce, "Ke 'yar nan, duk abincin Legas ya ƙare ne sai saiwa?"

Ta yi dariya, ta warware mini. Wai yin taki yana shan gas, yana tara hayaƙi a sama, alhali wake shiru-shiru yake haɗa nasa takin a cikin ƙasa. Akwai wata sabuwar kwamfuta, kwantum suke ce mata, ana sa ran za ta gano yadda yake yi. So take kamfanin ya yarda a gwada. In suka ƙi, wahalarta ta shekara guda ta tashi a banza.

Ƙanena, wanda yake noma gonar, ya tugo mini saiwar. Na duba, duk wasu ƙulle-ƙulle a jiki kamar ƙuraje. Na ce wannan ƙazanta ba za ta je gaban manya da sunan gidanmu ba. Na zauna da wuƙa da kwanon ruwa, na kankare su ɗaya bayan ɗaya, na wanke tas. Har da rawar jikina wajen tura mata hoto.

Sai ga kiranta. "Inna, ƙurajen nan fa su ne masana'antar takin."

Ƙanena ya wuce Gwaram, direban da zai kai saiwar Kano a wuce da ita Legas kuma da la'asar zai tashi. Tun rasuwar maigidana ban taka gonar nan ba, zuciyata ba ta iyawa. Haka na ja mayafi na tari adaidaita.

Na tarar da wake kwance tsakanin kunyoyin gero, yadda Malam, maigidan nawa, ya saba shukawa. Sai na tuna yana hana a tuge shi bayan girbi, wai a bar saiwar a ƙasa, abincin geron baɗi ne. Na durƙusa na tona da hannuna, ina yi ina share ido da gefen mayafi. Na naɗe ta da ƙasarta a tsumma mai danshi, na cimma direban yana ɗaure kaya.

A waya na gaya mata maganar babanta. Da ita ta buɗe jawabinta, in ji ta, kuma sun yarda.

Har yau kwamfutar ba ta gama ganowa ba, wai sai a hankali. Ba na gaggawa. Ni dai na koyi tambaya kafin in gyara abin da ban sani ba, kuma duk damina yanzu sai na je Kiyako na zauna bakin kunya. Wuƙar kuwa, albasa kawai take yanka.