Awakina da Ke Gungu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Wara, ni da kuɗi ba ma kwana ɗaki ɗaya. Albashi zai shigo, kafin wata ya raba tsakiya na koma shan gari. In ka tambaye ni ina suka tafi, wallahi sai dai in yi ta kallonka. Ba caca nake ba, ba komai ba. Tsire nan, katin waya can, shi ke nan. Na sayi asusu, na fasa shi da kaina. Na buɗe ajiya a banki, katin cire kuɗin ya zama abokin yawona.

Ana nan sai idon Inna, mahaifiyata, ya fara yana. Likita ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna, amma in ta nuna sai an yi aiki, in ba haka ba za ta makance. Ya ce in fara tanadi tun yanzu. Tanadi! Ni?

Na kai kukana wurin wani abokina malami, wanda danginsa Gungawa ne. Ya yi dariya ya ce, "Kai matsalarka, kuɗinka na kusa da hannunka. Ka sa ruwa tsakaninku."

Ashe yana da gwaggo a wani gungu, tsibiri can tsakiyar ruwa, mai karɓar kiwo. Ka sayi akuya ka kai mata. In akuyar ta haihu, haihuwar farko taka, ta biyu tata. Naka sai ta tsaga musu kunne don a bambance. Haka na fara. Duk watan da albashi ya shigo, in abin ya kai, sai in wuce kasuwa kafin in je gida, in ja akuya zuwa bakin ruwa, mai jirgi ya ƙetare da mu. Tun ranar farko na gaya wa Gwaggo don aikin idon Inna nake tarawa. Ta ce, "To, na ji."

Da sun ɗan yi yawa sai tsohon halina ya motsa. Wayata ta fashe, na shiga jirgi na je in ɗauko guda in sayar.

Gwaggo ta ce, "Mi ya kawo ka, Malam?"

Na faɗa mata. Ta dubi wadda na nuna ta ce, "Wagga tana da ciki."

Na nuna wata. Ita ma ciki. Na koma gida hannu rabbana, ga kuɗin jirgi na yi asara.

Bikin wani abokinmu ya taso, na sake komawa. Ciki. Na ga babur na hannu mai sauƙi, na koma. Ciki. Rannan haushi ya kama ni na nuna wani jibgege na ce, "To wannan fa?"

Ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce, "Shi ma."

Na ce, "Haba Gwaggo, bunsuru ne fa!"

Ta ce, "To, shi ya yi cikin. Ka ɗauke shi, wa zai yi na gaba?"

Kaina ya ɗaure tamau. Shin ajiya nake yi, ko an mai da ni saniyar tatsa? Na tambayi abokina, ya ce in ba ni da natsuwa in je in kwashe abina. Yaya zan kwashe abin da kullum yana da ciki? Sau nawa ina rantsuwa na daina, amma wata na ƙarewa sai in tsinci kaina a kasuwa ina duba haƙoran akuya. Ni kaina ban san me ke jan ƙafata ba.

Wata damina Inna ta zuba tafasasshen ruwa a ƙafarta, don ba ta ga bakin tukunya ba. Likita ya ce lokaci ya yi, kada a ƙara jinkiri. Na ƙetara ina shirya irin faɗan da zan yi in ta sake ambaton ciki.

Da na shiga gidan sai na ga turaku da yawa babu komai a kansu. Gwaggo ta ce cuta ta shigo gungun, zawo da majina, ta yi ɓarna. Na zauna a kan turmi. A raina na ce shi ke nan, Inna ta makance, ni kuma na zuba gumina a ruwa.

Gwaggo ba ta tsaya lallashina ba. Ta shiga bayan ɗaki ta dinga kunto awaki lafiyayyu, masu sheƙi, tana miƙo mini igiya. Ta ce, "Tashi, kada jirgi ya bar ka. Ka gaida mai ido."

Muna tsakiyar ruwa mai jirgi ya dubi awakin ya ce, "Malam, Gwaggo sayar da nata take yi?"

Na ce nawa ne.

Ya ce, "Naka? Dubi kunnuwansu mana."

Na duba ɗaya bayan ɗaya. Babu tsaga ko guda. Rabonta ne na duk wahalar kiwon da ta yi, shi ta kunto mini. Na ce ya juya da jirgi. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, hadari na tasowa. Haka na zauna tsakanin awaki ina hawaye, suna taunar gefen rigata.

Aka sayar, aka yi aiki, ido ya buɗe. Na koma na tambayi Gwaggo, rance ne ko kyauta? Cikin awakina guda nawa suka mutu, guda nawa suka rage? Ta ce ita ba ta yi boko ba, in sha ruwa.

Har yau ban daina cire wani abu daga albashi kafin in taɓa shi ba, kuma nakan ajiye shi inda sai na sha wuya zan kai gare shi. Wannan na koya. Amma in mutane suka yaba mini cewa na iya tattali har na yi wa mahaifiyata aikin ido, sai in rasa amsa. Na tara, abin da na tara cuta ta ci. Wadda ta hana ni ɓarnatar da shi kuma ita ta biya. To wa ya yi ajiyar?

Abin da na sani kawai, da Inna ta warke ta ce lallai sai an kai ta gungun, ita da ke tsoron ruwa. Ta zauna a tabarma gaban Gwaggo, ta kama fuskarta da hannu biyu ta yi ta kallo. Gwaggo ta ji kunya ta ce, "Ke, mi kike nema a fuskar tsohuwa?"

Inna ta ce, "Tsaya in more, 'yar'uwa. Da awakinki nake kallonki."